Girka famfon yayyafin kashe gobara a Kebbi: takardun da ake nema da yadda aiki ke tsallake bincike

Wanda ya ga abin da wuta ta yi wa babbar kasuwar Birnin Kebbi a 2016 ba ya bukatar a yi masa wa'azi kan gobara. Abin da masu sana'a ke yawan tambaya shi ne: mutum ya daɗe yana aikin filamba ko walda, yanzu mai otal ko mai injin shinkafa ya kira shi ya sa masa famfon yayyafi, wanda ake ce wa sifirinkila, wace takarda zai riƙe, wa zai duba aikin, kuma me ke sa a ƙi karɓarsa? Ga matakan bi da bi. Kada a tsallake ɗaya a ce za a dawo masa daga baya, domin yawancin asarar da ake yi a wannan aiki daga nan take fitowa.

Mataki na 1: San kujerar da kake zaune a kai

Mutum uku ne ke cikin aikin. Akwai injiniyan da ya yi zane da lissafi ya buga hatiminsa. Akwai ɗan kwangilar da ya sa hannu a yarjejeniya da mai gini. Akwai mai ɗaurawa, wanda ke kan tsani da sifana a hannu. Kowannensu da takardarsa, kuma ofisoshi daban-daban ne ke bayarwa.

Hattara: takardar wani ba ta rufe wani. Rajistar kamfani ba ta mayar da kai injiniya, kuma hatimin injiniya a kan zane ba ya wanke ɗan kwangilar da ya ɗaura abin da ba shi ke cikin zanen ba.

Mataki na 2: Takardun kamfani

Fara da rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Sunan kasuwanci ya isa ƙananan ayyuka, amma idan kana hangen aikin gwamnati ko na babban kamfani, yi rajistar cikakken kamfani tun farko, kuma ka tabbata an rubuta girka kayan kashe gobara da kula da su a cikin ayyukan da kamfanin zai yi. Daga nan sai lambar haraji da takardar shaidar biyan haraji. Ayyukan gwamnatin tarayya suna neman ƙarin takardun PenCom (hukumar fansho) da ITF (asusun horas da ma'aikata) da NSITF (asusun inshorar ma'aikata) da rajistar BPP (hukumar kula da ba da kwangilolin gwamnati).

Sai ɓangaren gobara kansa. Hukumar Kashe Gobara ta Tarayya, wadda ke ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, tana da sashen bincike da tabbatar da bin doka, kuma a wurinta masu sayarwa da girka kayan kashe gobara ke neman rajista. Ita kuma hukumar kashe gobara ta jiha ita ce za ka yi ta gamuwa da ita a fili, a Birnin Kebbi ne ko Argungu ko Yauri ko Zuru. Je ofishinsu da kanka kafin ka karɓi aiki, da kwafin takardun CAC da na ma'aikatanka da jerin kayan aikinka, ka nemi a ba ka sharuɗɗansu a rubuce.

Hattara: duk kuɗin hukuma a banki ake biyansa, a asusun gwamnati, a karɓi rasit. Wanda ya ce ka kawo a hannu zai fito maka da takarda gobe, ka san ranar da aka zo tantancewa kai za a riƙe, ba shi ba. Kuma ka rubuta ranar ƙarewar kowace takarda a bangon ofis, don yawancinsu na shekara ɗaya ne.

Mataki na 3: Takardun mutanen da za su yi aikin

COREN ce ke da hurumin rajistar masu aikin injiniya a Najeriya, tun daga injiniya har zuwa ƙwararren mai aikin hannu, kuma dokarta ta hana wanda ba shi da rajista ya kira kansa injiniya ko ya yi aikin da sunan. Karɓi lambar rajistar injiniyanka ka duba ta a shafin COREN, ka ga lasisinsa na wannan shekarar, ba na shekarar da ya gama makaranta ba.

Masu ɗaurawa kuma su riƙe shaidar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, wadda ake farawa daga aji na uku, sai na biyu, sai na ɗaya, ko takardar NABTEB, hukumar jarrabawar sana'o'i, a fannin famfo da haɗa bututu ko walda. Yaron da ke koyo zai iya yanka bututu ya miƙa kaya, amma kada a bar shi shi kaɗai yana ɗaura kawuna, wato bakunan da ke fesa ruwan in wuta ta tashi.

Hattara: hayar hatimi, wato a biya injiniya ya buga wa zanen da bai taɓa buɗewa ba, ita ce gajeriyar hanyar da ta fi tsada. Idan jami'i ya yi tambaya kan lissafi aka rasa mai amsawa, aiki ya tsaya.

Mataki na 4: Zane da amincewa kafin a yanka ko bututu ɗaya

Zanen yana tafiya tare da zanen gini zuwa hukumar raya birane ta jiha, KUDA, da hukumar kashe gobara. Dole a rubuta a jikinsa ƙa'idar da aka bi. Biyu ne aka fi amfani da su: NFPA 13 ta Amurka da EN 12845 ta Turai. Zaɓi ɗaya ka bi ta har ƙarshe. Da zarar an rubuta ta a yarjejeniya aka amince da zanen, da ita za a auna ka. Lambobin da ke ƙasa na ƙa'idojin NFPA ne, sai inda aka faɗi akasin haka.

Abu na farko shi ne ajin haɗarin ginin. Ofis, makaranta, asibiti, masallaci da ɗakunan otal suna ajin ƙaramin haɗari. Gidan burodi yana ajin matsakaicin haɗari rukuni na ɗaya. Shaguna da injin sarrafa hatsi suna matsakaici rukuni na biyu. A ƙaramin haɗari kai ɗaya na iya rufe har murabba'in mita 21, a matsakaici kuwa 12 ne iyaka. Tazara tsakanin kai da kai kada ta wuce mita 4.6, kada kuma ta gaza 1.8, domin idan sun yi kusa na farko zai jiƙa na biyu ya sanyaya shi ya hana shi fashewa.

Ɗauki zauren shaguna mai tsawon mita 30 da faɗin 20. Murabba'in mita 600 ke nan. A jera layi biyar, mita 4 tsakaninsu, na gefe yana mita 2 daga bango. Kowane layi kawuna goma, mita 3 tsakani. Kawuna 50 daidai. Wanda ya kawo maka farashin kawuna 30 a wannan zaure, lissafin ofis ya yi wa kasuwa.

Hattara: tambayi mai sito tsayin da zai riƙa jera buhuna, ka rubuta amsarsa a zanen. Idan jeri ya haura mita 3.7, lissafin matsakaicin haɗari ya daina aiki, sai an koma na manyan ɗakunan ajiya, wanda ke cin ruwa da yawa fiye da haka. Masu shinkafa kuwa in kaka ta yi, har rufi suke kaiwa.

Mataki na 5: Ruwa da famfo

Nan ne aikin yake, nan ne kuma kuɗin yake. Kawuna da bututu su ake gani, amma tanki da ɗakin famfon tura ruwa su ke ɗaukar kaso mai nauyi na kwangila, su ne kuma mai gini ke fara cewa a rage.

Ga lissafin a sauƙaƙe. Ba a ɗauka cewa duk kawuna za su buɗe, sai na fili mai murabba'in mita 139 mafi nisa daga famfo. A ƙaramin haɗari kowace murabba'in mita na son lita 4.1 a minti, wato kusan lita 570 a minti, na tsawon minti 30. Lita dubu 17 ke nan, idan aka ƙara kason tiyon 'yan kwana-kwana na lita 380 a minti ya haura dubu 28. A matsakaici rukuni na biyu lita 8.1 ce, kusan 1,130 a minti, na aƙalla awa ɗaya: lita dubu 68, da kason tiyo na lita 950 a minti ya kai wajen dubu 125. Wannan mafi ƙaranci ne, cikakken lissafin injiniya yakan ɗan haura. Baƙaƙen tankunan roba biyu a kan ƙarfe ba su kama ƙafar wannan ba.

Rijiyar burtsatse tana cika tanki ne kawai, ba a lissafa ta a matsayin ruwan gobara. Idan tanki ɗaya ne da na amfanin gida, a fitar da bututun gida daga sama, ta yadda ko an shanye na wanka da wanki, kason gobara na nan a ƙasa ba a taɓa shi ba. In ba haka ba, a watan Afrilu za a tarar da shi ƙaf.

Famfo uku ake sa wa: babba na lantarki, babba na dizal, da ƙarami mai riƙe matsi. Ƙaramin yana tashi ya tsaya da kansa don cike ɗan abin da ya zurare. Idan kai ya fashe matsi ya faɗi sosai, babban ya tashi da kansa. A garin da wuta ke ɗaukewa ba sallama, kuma abu na farko da ake yi in gobara ta tashi shi ne kashe wutar ginin, na dizal shi ne gatan ginin. A ba shi batir biyu da caja, da tankin mai nasa na kansa da ba a ɗiba wa janareta.

Hattara: famfo na kwance ba a yarda ya tsotso ruwa daga ƙasa ba. Ruwan tanki ya kasance sama da bakinsa, yana gangaro masa. Idan tankin na cikin ƙasa ne, ko a nutsar da ɗakin famfon, ko a sa famfo na tsaye mai shiga cikin ruwan. Kuma kada a manta da bakin da motar kwana-kwana za ta haɗa tiyonta daga waje, a wurin da mota za ta iya tsayawa, a gwada shi da tiyon hukumar tun kafin ranar bincike.

Mataki na 6: Sayen kawuna

Kowane kai yana da 'yar kwalba mai ruwa a ciki, wadda ke fashewa in zafi ya kai mizaninta. Launin ruwan shi ke faɗin mizanin: ruwan lemo digiri 57, ja 68, rawaya 79, kore 93, shuɗi 141.

Ja shi ya cika kasuwa, shi kowa ke saye. To amma NFPA 13 ta ware shi ne don wurin da zafin rufi bai wuce digiri 38 ba, ita kuma ƙa'idar Turai ta ce mizanin kai ya ɗara zafin wurin da digiri 30. A Kebbi, bazara kan haura digiri 40 a inuwa, balle ƙarƙashin kwanon da ba silin. A ɗakin otal mai silin da na'urar sanyi ja ya yi daidai. A sito, ko cikin rufi, ko kusa da tukunyar turara shinkafa, sai rawaya ko kore ko abin da ya fi, gwargwadon awo. Rataya ma'aunin zafi a ƙarƙashin kwanon, ka karanta shi da azahar, kada ka yi kirdado. Kan da ya daɗe yana gasuwa kusa da mizaninsa yana raunana, wata rana ya fashe a kan kayan mutane ba wuta ba hayaƙi, sai mai gini ya fusata ya rufe bawul, shi ke nan an koma gidan jiya.

Duba jikin kowane kai: tambarin gwaji irin su UL ko FM ko LPCB, lambar samfuri, mizanin zafi da shekarar ƙira. Nemi takardar bayanin samfurin daga mai sayarwa ka gwada lambobin. Akwai mai kallon sama da mai kallon ƙasa da na jikin bango, kuma ba a musanya su.

Hattara: kada a bar kwalin kawuna a bayan mota cikin rana. Wanda ya faɗi ƙasa, ko aka ga kwalbarsa ta tsage ko ruwanta ya ragu, a jefar. Na hannu, wanda aka kwance daga wani gini, ba a sake ɗaura shi ko kyauta aka ba ka.

Mataki na 7: Ɗaurawa

Bututun ƙarfe ake amfani da shi, mafi ƙanƙanta inci ɗaya. Robar famfon gida ba ta shiga wannan aiki, wuta na taɓa ta ta narke ruwan ya zube kafin ya isa inda ake so. Wanke bututun da ke cikin ƙasa da ruwa mai ƙarfi har sai ya fito fes kafin a haɗa shi da na cikin gini, don tsakuwa ɗaya ta isa ta toshe kai.

A gama walda kafin a ɗaura kawuna. Duk inda aka huda babban bututu don fitar da reshe, a ciro ɗan faifan ƙarfen da aka yanke, a tara su a ƙirga, kada ɗaya ya kwana a ciki. Maratayi kada ya wuce mita 3.7 tsakani a ƙananan bututu, 4.6 daga inci ɗaya da rabi zuwa sama, kuma a jikin ginin ake kafa shi, ba a katakon silin ko bututun wani ba.

A silin mai santsi, farantin kai, wanda ke watsa ruwan, ya kasance tsakanin santimita 2.5 da 30 daga rufi. Tef a kan zaren kai kawai ake naɗawa. A ɗaure da sifanar da kamfanin ya yi don samfurin, a kama inda aka tanada. Sifanar bututu tana murɗe ƙafafun kai, ya fara ɗiga bayan wata biyu.

Hattara: masu fenti da masu silin na zuwa bayanka. Bar murfin roba a kan kawuna har su gama, sannan ka bi ɗaya bayan ɗaya ka cire. Kan da fenti ya taɓa canza shi ake yi, ba a kankarewa. Murfin da aka manta kuwa, jami'i na ɗaga kai zai gan shi.

Mataki na 8: Gwaji a gaban shaidu

Yi naka gwajin tukuna, kai kaɗai da yaranka. Sai ka rubuta wa hukumar kashe gobara da injiniya da mai gini takardar gayyata da rana da lokaci.

Gwajin matsi: a cika bututu da ruwa a hankali, a fitar da iska ta wuri mafi tsayi, a hau da matsi zuwa bar 13.8, a riƙe awa biyu ba faɗuwa ba ɗiga. A ƙa'idar Turai bar 15 ne. A yi shi kafin a rufe silin, kuma da sassafe, don rana na dumama bututu ta ɗaga allurar geji ta ɓoye yoyo. Ba a zuba wani maganin toshe yoyo a ciki. Inda ya ɗiga a kwance a sake.

Gwajin ƙararrawa: a buɗe bawul ɗin gwaji da ke ƙarshen layi, wanda ke fitar da ruwa daidai na kai ɗaya. Na'urar da ke jin motsin ruwa ta ba da sanarwa cikin daƙiƙa 90.

Gwajin famfo: a rage matsi a ga ƙaramin ya tashi, a ƙara ragewa a ga na lantarki ya tashi, a kashe wutar lantarki a ga na dizal ya karɓa ba wanda ya taɓa shi. A auna shi ba fitar ruwa, sannan a cikakken ƙarfinsa, sannan a ninki ɗaya da rabi, inda matsi bai kamata ya gaza kashi 65 cikin ɗari na abin da ke rubuce a jikinsa ba. Kowa ya sa hannu a takardar sakamako a wurin, ba washegari ba.

Mataki na 9: Farashi da miƙa aiki

Ware farashi gida-gida: zane da lissafi, kuɗin hukumomi, tanki, famfuna da allon sarrafa su, bututu da maratayi, bawuloli da ƙararrawa, kawuna, ƙwadago, jigila, gwaji, da harajin VAT na kashi 7.5. Famfo da kawuna daga waje suke zuwa, farashinsu na bin dala, don haka rubuta kwanakin da farashinka zai yi aiki. Ka sa ran za a riƙe wani kaso na kuɗinka har wa'adin garanti ya cika.

Ranar miƙawa a ba mai gini zanen yadda aka ɗaura a zahiri, lissafi, takardun kaya da sakamakon gwaji. A kafa akwatin kawunan ajiya da sifanarsu kusa da babban bawul: shida in kawunan ginin ba su kai 300 ba, sha biyu daga 300 zuwa 1,000, ashirin da huɗu in sun haura. Kowane bawul da ke bai wa kawuna ruwa a bar shi a buɗe, a sa masa sarƙa da kwaɗo da allon da ya faɗi inda yake bai wa ruwa. Da waɗannan mai gini zai nemi takardar shaidar kariya daga gobara.

Mataki na 10: Abin da ke biyo baya, da abin da ke jawo hukunci

Ginin da aka fara ba amincewa, hukumar tsara gari na da ikon tsayar da shi, jan fentin nan da ake gani a bango. Aikin da ya saɓa wa zane, hukumar kashe gobara ta ƙi ba da takarda har sai an gyara, kuma gyaran daga aljihun ɗan kwangila yake fita. Injiniyan da ya yi sakaci, COREN na da kwamitin ladabtarwa da zai iya dakatar da shi ko soke rajistarsa. Idan kuma gobara ta auku, kamfanin inshora zai nemi littafin kula da kayan kafin ya yi maganar biya.

Saboda haka ka sa yarjejeniyar kulawa a cikin kwangila, ka koya wa mai gadi ko mai kula da janareta abin da zai riƙa yi. Famfon dizal a tayar da shi kowane mako ya yi minti 30, a duba mai da ruwan batir. Bawul mai kwaɗo a duba shi kowane wata. A leƙa tanki. Sau ɗaya a shekara a sake gwajin famfo da na babban magudani, wato bawul ɗin zubar da ruwan bututu, a gwada da lambobin ranar miƙawa.

A zagaya a ɗaga kai. Kaya su bar aƙalla santimita 46 a ƙarƙashin kowane kai. Kada a rataya waya ko labule ko kayan talla a jikin bututu. Bayan hunturu ƙura kan lulluɓe kwalaben, a injin shinkafa kuma garin ɓuntu, ga zanzaro da ke son gina ɗakinsa na laka a tsakanin ƙafafun kai. Ƙura mara nauyi ana zuƙe ta da injin shara ba tare da an taɓa kwalbar ba, wanda laka ko maiƙo ya kama kuwa sai canji. In aka rufe bawul don gyara, a rataya masa jan kati mai sunan wanda ya rufe da lokaci, a sanar da mai gini da ofishin kwana-kwana mafi kusa, kuma wanda ya rufe kada ya bar harabar sai ya buɗe shi ya mayar da kwaɗon, ya rubuta a littafi.